Ranar Da Na Gano Mai Kisa A Wurin Ɗaurin Aure

Cikin abubuwan da ba zan taɓa mantawa ba har da dogon hutuna na farko a Gummi. Koyarwa ta kai ni, ban san kowa ba. Da aka rufe makaranta malamai suka watse, ni kuwa Inna ta ce in zauna inda nake saboda hanya ba lafiya. Daga ni sai tabarma sai ƙarar ruwan sama a kan kwano.

Abin da ya ɗebe mini kewa shi ne wani littafi da na saya a kasuwa, labarin wata mata da aka kashe ana neman wanda ya yi. Kowane shafi da sabon wanda ake zargi. Ina ci ina karatu, ina shanya ina karatu (har gishiri na taɓa zuba wa shayi).

Mutum ɗaya ke leƙo ni, maƙwabcina Baba Ummaru. Shi ya gayyace ni ɗaurin auren 'yarsa da wani ɗan Bukkuyum. Ya ce, "Malam, taho ka ga mutane, zaman ɗaka ya isa hakanan."

Na je, littafin na aljihu. Na zauna can baya, ba mai ce mini komai. Ana jiran liman na ce bari in leƙa shafi ɗaya (ni ma na san ƙarya nake). Ban san lokacin da aka fara ba. Wakilin ango ya nemi aure, aka yi tsit ana jiran waliyyi ya ce ya bayar, ni kuma daidai nan na kai inda asiri ya tonu. Na daki cinya na ɗaga murya:

"Wallahi na sani! Mijin ne ya kashe ta!"

Kowa ya waiwayo. Ango ya miƙe tsaye.

Wani tsoho ya ce, "Wa anka kashe?"

Na ɗaga littafin sama don su gani. Baba Ummaru ne ya cece ni: "Ku yi haƙuri, baƙona ne, zaman kaɗaici ya taɓa shi." Ba ƙarya ya yi ba. Ban tsaya karɓar goro ba.

Har na bar Gummi, duk inda angon nan ya gan ni sai ya ce, "Malam, tana nan da ranta."

Na koyi darasi: irin wannan littafi a karanta shi inda ba kowa. Samun irin wurin kuwa bai taɓa yi mini wuya ba.