Yadda Na Rufe Wa Motar Yaya Sabi'u Baki

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan manta da ranar sunan 'yata ta biyu ba, shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyenmu. Ni dai ban yi nisa a boko ba, ban kuma cika fita ba, amma Allah Ya ba ni kunne. Daga zaure nake gane injin ban ruwan wa ke tari a bakin kanal. (Mutane ne ke faɗa, ni kuma ban taɓa musu ba.)

Yayan matata, Yaya Sabi'u, ya zo suna daga Legas. Da ma ya yi alkawarin damƙa mini gonarsa ta shinkafa a Bunkure, da injunanta uku, idan ya ga hankalina. Ya iso da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya kamar an danne ta. Tun daga titin Kura na ji rurinta. In ya ɗaga ƙafa kuma sai ta yi "fishsh" kamar agwagwa ta fusata. Tausayi ya kama ni. A wajenmu, injin da ke irin wannan ihu salansarsa ta fashe, kuma abin kunya ne ga mai shi. Na ce bawan Allah, duk arzikinsa ba shi da mai faɗa masa gaskiya.

Da hantsi ya miƙo mini makulli. "Baban Jaririya, matsar mini da ita inuwa, za mu zaga dangi." Na matsar da ita kuwa, har shagon Malam Tanko mai walda, wanda ke yi mana gyaran injuna.

Tanko ya leƙa ƙasa ya ce, "Anya? Bututun nan ƙyalli yake, ban ga tsaga ba."

Na ce, "Kai ido gare ka, ni kunne. Yanke."

Ya yanke. Muka liƙa mata tsohuwar salansar a-kori-kura, na sa ya ƙara toshe ta da ragar ƙarfe. Bututun mai ƙyalli kuwa na bar masa kyauta, don ni ba marowaci ba ne.

Bayan la'asar an ci an sha, Yaya Sabi'u ya tara abokansa da surukaina a ƙofar gida. "Ku toshe kunnuwanku," in ji shi. "Daga Japan na sa aka kawo salansar nan, wata uku ina jiranta. Injin turbo ne, sai ya samu hanyar numfashi."

Ya murɗa makulli. Mota ta ce "sirrr", kamar keken ɗinki. Ya taka, ta yi nishi. Ya sake takawa, ta yi tari ta mutu. Wani abokinsa ya ce, "Sabi'u, mu buɗe kunnen ko da saura?"

Da mai hankali ne, da ya sulale cikin gida. Ni kuwa sai na matso na ce, "Yaya, ni ne na ɗan gyara maka ita."

Ya durƙusa ya leƙa. Ya daɗe a durƙushe. Ya miƙe ya ce a hankali, "Ina tawa?"

Muka ɗunguma shagon Tanko, har da 'yan kallo. Ashe tuni ya raba bututun biyu: rabi ya haɗa wa wani manomi a bakin tiyo, rabi kuma ya binne a kunyar gonarsa, ruwa na bi ta ciki zuwa tumatir. Tanko ya ce, "Wallahi Alhaji ƙarfe ne mai kyau, ba ya tsatsa."

Yaya bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa ya yi da matata, a gabana, "Uwani, gonar nan zan ba ƙanenmu Ɗanlami. Mijinki ya cika taimako." Sati guda tana miƙo mini tuwo ba ta kallona.

Tun daga nan, ko hayaƙi na ga yana fita daga motar mutum, sai in ce, "Masha Allahu, daga wace ƙasa aka kawo maka shi?"