Ashe B Ba Babba Ba Ce

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da hukuma ta rushe tsohon Zongon Lome ba, ko da Allah ya sa na manta sunana. Aka ce kowa ya kwashe nasa ya nufi sabon wuri can arewacin gari, filin da babu komai sai ciyawa da sauro. A zamanin jam'iyya ɗaya ba a tambaya, sai dai a ɗaure kaya.

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Wani Bature da ya ƙetaro hamada ya sayar mini da motarsa kafin ya hau jirgi, mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da 'yar taga mai labule. Mahaifiyata, Inna, tana fama da ciwon ƙirji, sai na dafa kafaɗarta na yi alkawari: ko an rushe duniya, ba za ta kwana a waje ba. (In sha Allahu ma ban ce ba, ni da nake karantar da yara Alƙur'ani.)

Ina da permi na tuƙi, da harafin B a jikinsa. Karatuna na ajami ne, amma na san wannan harafi shi ne ba'un boko. To, ba'u a takardar mota me zai nufa in ba babba ba? Haka na fassara wa kaina, haka na fassara wa makwabta, ba wanda ya musa, tunda Malam ne ya faɗa.

Ranar tashi na loda ƙyauren gidanmu da kwanon rufi da turmi da akwatin littattafai, na kwantar da Inna a gado. Muna tafe muna wuce jama'armu da kaya a ka, ina ɗaga musu hannu kamar mai rabon albarka. A bakin gari jandarma ya tsayar da mu, mutumin arewa ne, yana jin Hausa. Ya dubi permi, ya dubi mota, ya ce wannan takarda ba ta kai wannan mota ba. Na gyara hula, na ɗaga murya don na kusa su amfana.

“Ranka ya daɗe, duba da kyau. B ce, babba ke nan.”

Bai yi dariya ba, wannan ya fi mini ciwo. 'Yan Zongo da suka sauke kaya suna hutawa su suka yi. Jandarma ya ce B iyakarta tan uku da rabi, abin da ya haura sai mai takardar kamiyo, wato babbar motar kaya.

Na ce in nauyi ne, da sauƙi. Na sauke ƙyaure, na sauke kwano da turmi, ina gumi, yana kallona. Daga ƙarshe na goyo Inna na zaunar da ita a gindin mangwaro. Sai ya kama hannuna ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a jikin ƙofa mai lambobi. Ya ce doka ba ta auna abin da ke ciki, abin da maƙera suka buga take bi. Ko iska na ɗauko, motar ta fi ƙarfin takardata. Jandarmomi suka tafi da motar filinsu.

Kafin la'asar ruwa ya sauko. Na jingina kwano a kan ƙyaure na yi wa Inna rumfa, ruwa na bi ta ƙasa. A nan ta kwana. Tarin da ya kama ta bai sake ta ba, kuma kafin in samo direban da zai karɓo motar, an riga an daina maganar magani.

A bukkar da na kafa a sabon Zongo na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta daɗe tana neman numfashi, sannan ta ce, “Na yafe maka, Malam. Amma in mala'iku sun zo da takarda, kada ka karanta mini.”

Bayan kwana kaɗan muka kai ta makwancinta. Tun daga ranar, in aka miƙo mini rubutun boko sai in ce Allah ne masani, in nemi wanda ya iya.