Ranar da Na Yi wa Surukina Tambayoyin Makaranta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da Juma'ar da na ɗauki waya na tafi Mabai don in nuna wa surukina cewa ni ma na yi boko. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin kekena na ɗinki.

Ni tela ne a Ƙanƙara. A aji uku na sakandare na ajiye karatu, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai, musamman in an taru a gidan su matata. Mu uku ne muke auren 'ya'yan Baba Alhaji: ɗaya malamin firamare a Faskari, ɗaya yana aikin asibiti a Sabuwa, sai ni da ba a tunawa da ni sai wando ya yage. In ana shawara, su ake tambaya. Ni kuwa sai dai a ce, "Tela, duba mana wuyan rigar nan." Shekara tara ina haɗiye wannan.

Shi ya sa na shiga wata makaranta ta intanet mai ba da satifiket daidai da na gama sakandare. Cikin darussan akwai ilimin zamantakewa, wato nazarin yadda mutane ke zama da juna, da iyali da al'ada. Ba ƙaramar wahala na sha ba. Malamarmu na tsakiyar bayani sai sabis ya ɗauke, hotonta ya daskare baki buɗe, in fita bakin titi ina ɗaga waya sama kamar mai tallanta. Duk da haka darasin ya shiga kaina fiye da kima, cikin wata biyu na zama abin haushi. Matata Hadiza ta durƙusa ta ajiye mini abinci, na ce, "Kin san wannan durƙuson jama'a ce kawai ta ƙirƙire shi?" Ta ce, "To in ka gama, jama'ar ta zo ta ɗauke kwanon."

Sai aka ba mu aiki: kowa ya sami magidanci mai babban gida, ya yi masa tambayoyin da ke cikin wani fom, ya naɗi muryarsa ya tura. Akwai magidanta fal a layinmu (maƙwabcina ma da ya amsa mini yana cin gyaɗa). Amma ni Baba Alhaji nake so ya gan ni ina aikin ilimi. Hadiza ta karanta fom ɗin, ta dube ni ta ce, "Baban Ummi, don Allah ka nemi wani." Na ce mata bincike bai san kunya ba.

Bayan an sauko Juma'a na same shi a zaure tare da dattawa huɗu, ga kuma Yaya Sale, babban ɗansa, yana gefe. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaishe su kamar kullum. Da a nan na tsaya, da na tsira. Sai na miƙe na zauna a tabarma, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na danna waya na miƙa ta saitin gemunsa.

"Baba, makaranta ce ta aiko ni. Tambaya ta farko, 'ya'yanka nawa?"

Ya dubi wayar, ya dube ni. "Ɗiyan? Na Allah ne. Mi ya kai ni ƙirga su?"

Na san ba a ƙirga 'ya'ya, tun ina yaro na sani. Amma akwai gurbi a fom, kuma gurbin lamba yake so. Na ce, "Ko da a ƙiyasce ne, Baba." Wani dattijo ya yi tari.

"Tambaya ta biyu, sunan ɗanka na fari."

Jama'a, mutumin nan shekara arba'in da wani abu bai taɓa furta sunan Yaya Sale ba. "Wancan" yake ce masa, saboda kunyar ɗan fari. Yaya Sale ya tashi tsam ya fita, ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba. Baba ya ce a hankali, "Kai ba ka san shi ba? Ba shi ya kai maka amaryar ba?"

Mai hankali a nan zai kashe waya ya nemi gafara. Ni haushi ma na ji, wai ana ɓata mini bincike. Na zarce zuwa ta uku, na karanta ta da ƙarfi don muryar ta fito sosai:

"A gidan nan, wa ke yanke shawara ta ƙarshe, maigida ko uwargida?"

Duk Mabai an san ko akuya Baba bai sayarwa sai uwargidansa Hajiya ta amince, kuma duk Mabai ba wanda ya taɓa faɗa. Dattawan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Can daga bayan katanga sai muka ji muryar Hajiya, ashe tana tankaɗe a kusa: "Ka ba shi amsa mana, Alhaji. Ai makaranta ta aiko shi."

Dariyar da aka kwashe da ita, har wani tsoho hularsa ta faɗi. Baba kaɗai bai yi ba. Ya jira aka lafa, sannan ya ce, "Tela, ni ma ina da tambaya guda. Ita ɗiyar tawa, ta san za ka taho da wannan?"

Na ce, "Ta hana ni, Baba."

"To da ka bar mata shawarar ƙarshe, da yanzu kana gida da mutuncinka. Rubuta wannan."

Ban san yadda na hau babur ba. Sai da na kai kawuna da goro muka ba da haƙuri, Hadiza kuma ta yi kwana uku tana ajiye mini abinci a tsaye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne malamar. Ta ba ni maki mai kyau, sannan ta kunna wa ajin gaba ɗaya muryar a matsayin misalin yadda ba a yin bincike. Darasin mako na gaba kuwa a kan kunya da girmama surukai ne (ranar sabis bai ɗauke ba ko sau ɗaya).

Satifiket na samu, yana rataye a shago. Yanzu kuma in ana shawara a Mabai, Baba yakan juyo gare ni kamar yadda na yi shekara tara ina fata. Sai dai abin da yake cewa shi ne, "Tela, je ka tambayo mana Hadiza." Ni kuwa na koyi cewa in wani fom ya saɓa da abin da gwiwoyina suka sani tun ina yaro, gwiwoyin zan bi.