Yadda Ake Zama Gwanin Masunta a Intanet da Kifin Aro

Matso kusa, ɗan'uwa. Na ga wayarka sabuwa ce, na kuma ga mabiyanka goma sha ɗaya, ciki har da mahaifiyarka da take bin ka da layi biyu. Kwantar da hankalinka. Shekara tara ina yanka bidiyo a Suva, babban birnin ƙasar Fiji, kuma da hannun nan na mayar da bikin da aka tashi da dambe ya koma bikin lumana. Bi matakan nan bakwai. In ba ka zama gwanin masunta a idon duniya cikin mako guda ba, zo ka ɗauke kwamfutata. Na gwada su a kan aminina Waisake, ɗan garinmu, mutumin da ko daga kan gada ya leƙa ruwa sai cikinsa ya juya, kuma sun yi aiki har sun wuce yadda muka so.

1. Samo kifi

Ka lura, ban ce ka kamo ba. Kamu aikin masunta ne, mu kuwa masu fasaha ne.

Wata Asabar muka hau bas zuwa ƙauyenmu a gaɓar teku, yankin Tailevu. Waisake ya cire hularsa tun daga bakin gari kamar yadda al'ada ta tanada, muka tarar da Kawu Ilaitia, ƙanin mahaifiyarsa, yana sauke kamun safe. A cikin kifin akwai wani jibgege, tsawonsa daga yatsa har kafaɗa.

"Kawu, ara mini wannan na minti ashirin."

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa. "Aron kifi? Unguwa za ka raka shi?"

"Hoto kawai zan ɗauke shi."

"To, ka dawo mini da shi kafin rana ta taɓa shi. Kuma kada ka koya masa halin birni."

2. Mayar da ɗaya ya zama bakwai

Tafi da riga uku. Kowace riga rana ce daban. Miƙa hannunka da kifin har ya kusa taɓa kyamara, kai kuma ka ja baya, sai ya fi ka girma. Ɗauke shi ta dama, juya shi ta hagu, watsa masa ruwa ya yi ƙyalli, ka girgiza shi kaɗan kamar da sauran rai. Masana sun ce kifi ba ya ƙaryata mai shi. Masanan ni ne.

3. Yanke duk abin da ya faru da gaske

Nan ne aikin yake. Kwale-kwalen da Waisake ya shiga a ɗaure yake da turke, ruwan kuma iya gwiwa. Duk da haka sau biyu ya yi amai. Na yanke aman, na yanke igiyar. Na yanke wasu mata biyu da suke tsaye a gefensa suna tsintar kaguwa suna kallon ikon Allah. Na yanke muryar Kawu da ke cewa, "Kun gama, ko sai ya ruɓe?"

Abin da ya rage daƙiƙa arba'in ne na sararin sama da ruwa da haƙoran Waisake. Na girgiza hoton ya zama kamar teku ta tashi, na kara waya a bakin fankar ɗakina na samo ƙarar guguwa.

4. Ɗora labari

Kifin da ba shi da labari nama ne kawai. Mai kallo so yake ya ji ka sha wuya, kuma a ce abin gado ne. Sa kiɗa mai sanyi, ka sassauta murya kamar mai ta'aziyya. Waisake ya ce, "Kakana ne ya koya mini karanta teku." Kakan nasa direban bas ne, shekara talatin a hanyar Korovou, garin da muke cin kasuwa, amma ya rasu, ba zai rubuto gyara ba.

5. Ɗora a intanet, ka manta danginka ma suna da waya

Cikin kwana uku mutum dubu arba'in suka kalla. Waisake ya soma tafiya yana buɗe ƙafafu kamar wanda ya tsufa a jirgi. Ran na huɗu wayarsa ta yi ƙara, sai ga Gwaggo Vasemaca, wadda ta riƙe shi tun yana shekara shida da mahaifiyarsa ta rasu.

"Ɗana, ashe haka ka zama ba ka gaya mini ba? Kerekere na kira in yi."

Kai ma ka san kerekere. Dangi ya roƙa, ba a cewa babu, ko da rigar jikinka ce.

"Faɗi, Gwaggo."

"Asabar ta sama za a yi walimar tarbar sabon fasto. Na miƙe a taron mata na ce kifi daga gidana zai fito, ɗana zai kamo. Matar Mosese maƙwabcinmu ta taɓe baki, na nuna mata bidiyon sau biyu. Shekara nawa suna cewa na raini wanda bai iya komai ba sai latsa waya? To, bana sun ji kunya."

Waisake ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ji kansa yana cewa, "An gama, Gwaggo." Da ya ajiye wayar tsoro ya kama shi sosai, ba don kansa ba. Matar nan ta ɗora mutuncinta a kan kifin aro, a gaban gari guda.

6. Nemi mafita, kada ka same ta

Ya zo wurina a guje. "Kai ka haɗa wannan abu, sai ka warware."

Na ce masa na duba manhajata kaf, babu wurin yanke gwaggo.

"Mu sayo a kasuwa."

"A wurin wa? Rabin masu sayar da kifin Korovou matan garinmu ne. Kuma wace tsohuwa ce za ta dubi idon kifi ba ta gane ya kwana a ƙanƙara ba?"

Ba yadda ya iya. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya sayi damin saiwar yakona, wadda ake jiƙawa a sha a taron manya, kamar yadda mai roƙo yake yi, ya je ya zauna a ƙasa gaban Kawu Ilaitia, kai a sunkuye. Kawu ya karɓa, ya tafa hannu.

"Na ga bidiyon," in ji shi. "Tunda nake ban taɓa ganin kifin da ya mutu sau bakwai ba."

"Kawu, ka rufa mini asiri."

"Ba naka zan rufa ba, na Vasemaca ne. Gobe da safe ka same ni a gaɓa. Wayar kuma ta zauna a gida, ta huta da ƙarya."

Kwana biyar suna fita. Kwana biyar Waisake yana rataye a gefen kwale-kwale yana mayar wa teku abin da ya ci, Kawu yana gode masa wai yana tara musu kifi. Zaren fatsa ya tsattsage masa yatsu, rana ta sale masa wuya. Ran Juma'a wani abu ya ja zarensa, ya jawo da ƙyar yana haki, sai ga kifi bai fi tafin hannu ba. Shi ke nan kamunsa na mako.

7. Ran walima, yi shiru

Wannan ne mafi sauƙi, kuma a nan ɗalibina ya faɗi.

An tone ramin gashi, an jera gwaza da rogo a kan ganyen ayaba, ga kifin Kawu tsibi guda. Mai magana da yawun gari yana faɗin abin da kowane gida ya kawo. Da ya zo kan kifi ya ce, kamar yadda Kawu ya raɗa masa, "Daga gidan Vasemaca, kamun ɗanta Waisake." Aka tafa. Gwaggo ta gyara zama, ta dubi matar Mosese ta wutsiyar ido.

Shiru kawai ake nema a wurin Waisake. Sai ya dubi Kawu can gefe, tsoho mai shekara sittin da bakwai da ya yi kwana biyar yana jan zare na mutum biyu, yana tafa wa ƙaryar wani. Kunya ta rufe shi. Ya tafa hannu sau uku ya nemi izinin magana, yana durƙushe.

"A gafarce ni. Nawa ɗaya ne a ciki, wancan ƙaramin na gefe. Sauran na Kawu ne. Na bidiyon ma nasa ne, kuma kifi ɗaya ne, aro na yi."

Can wani ya tuntsire, dariya ta kama ko'ina, har sabon faston ya rufe baki da hannu. Ta matar Mosese ta fi ta kowa. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Idonta ya kawo ruwa, na ce yau mun kashe matar nan da ranta.

Sai ta rarrafa ta gaban mutane don ladabi, ta ɗauke ƙaramin kifin a kan ganye.

"Wannan ba na baƙo ba ne," ta ce. "Shekara ashirin da biyu ina ciyar da yaron nan. Yau shi ya ciyar da ni."

Ta koma wurinta ta cinye shi tas, har kan ta tsotse. Waisake ya kifa fuska a tabarma yana kuka. Kyamara tana hannuna, ban taɓa samun hoto mai kyan wannan ba, kuma na kasa danna komai.

Wanke hannu

Mai wannan jagora yanka kawai yake yi, ba ya kamu, ba ya kuma zuwa ba da haƙuri gidan kowa. Amai, salewar wuya, dariyar matar Mosese da duk wani kerekere da ya biyo baya, na mai wayar ne shi kaɗai. Maganar ɗaukar kwamfuta kuwa wasa nake yi, ita ma ta aro ce. In kuma gwaggonka ta kira, kada ka ba ta lambata, don ni har yau ban iya haɗa ido da Gwaggo Vasemaca ba.