Huɗubar da Ban Ƙarasa Ba

Tun da waya ta kashe kasuwar faya-fayan fim nake tsintar su a Karaye, har na cika akwati. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka rubutun ƙasan hoto shi ne allona. Akwai fim ɗin da na fi ji da shi, ba a samun irinsa yanzu: wani jariri ne mai haɗiye duk abin da ubansa ya miƙa masa, yana kumbura har ya cika ɗaki. Yara dariya suke yi. Ni kuwa layi-layi nake tsayar da shi ina karantawa, ina taƙamar ko gezau ba na yi.

Sai 'yata ta haihu a Jajaye, surukai suka girmama ni da yi wa yaron huɗuba. Na gyara babbar riga, na karɓe shi, na kai baki kunnensa na dama. Ina fara kiran salla ya wangale baki ya cafki gemuna.

Ban san lokacin da na dangwara wa kakarsa shi ba. A zaure na tsinci kaina da takalmi ɗaya.

"Malam, lafiya?" in ji surukina.

"Iska nake sha."

"Da salati haka?"

Liman ne ya ƙarasa huɗubar. Yaron har ya fara gudu, maganar ba ta mutu ba. Duk sunan da na je, sai wata tsohuwa ta leƙo da jariri ta ce, "Malam, zauna abinka, wannan ya ƙoshi."