Ranar da na gasa robar mota

Sati uku da tafiyar iyalina Garwa, ko sallama ba wanda ya yi mini. Ran Lahadi na ce bari in canja robobin ƙafar bayan motata da kaina. Ai na taɓa ganin wani makanike a Nkomkana yana ƙona tsofaffin su fita. Ni da nake ɗinka babbar riga, roba ce za ta gagare ni?

Na kwance ƙarfen, na ɗora kan gawayi a tsakar gida. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe layinmu. Sai ga maƙwabta da bokitai suna salati. Malam Sule mahauci ya sheƙa mini ruwa tun daga hula.

Wallahi har na ji daɗin ganin mutane.

Har yau in na gifta teburin Malam Sule sai ya ɗaga murya: "Maƙwabci, yau babu tsiren roba?"