Ranar da Rumbun Kawu Ya Amsa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da bikin Hadiza ba, 'yar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata Hajara, a wani ƙauye da ke bayan Zakirai. A lokacin ni ne mai kaɗa jitar bes, mai kaurin sautin nan, a 'yar ƙungiyarmu ta kiɗan biki a unguwar Bacirawa cikin birni (mu uku ne kacal, amma ƙungiya muke kiran kanmu, ba kunya).

Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Taki ya gagari talaka, ruwa kuma ya ɗauke tun gero bai gama cika ba. Da Kawu ya kira ni, abu ɗaya ya roƙa: "Dangin ango daga Shanono za su zo, kuma masu hali ne. Ka taimaka mu fita kunyarsu, kada su raina gidan da suka nemi aure." Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, ai ɗanka na nan."

Akwatin sifika biyu gare ni. Ɗaya mai ƙananan sifiku biyu, 'yan inci goma-goma, sautinsa tsaf, kana jin kowace tsirkiya daban. Ɗayan kuwa ƙato ne mai inci goma sha takwas, wanda na sa kafinta ya ƙera masa akwatin da sai mutum biyu ke ɗagawa. Sani, mai fiyanon ƙungiyarmu, ya ce in ɗauki ƙaramin, tunda ƙofar gida ce ba filin ƙwallo ba. Na ce masa bai san mutanen ƙauye ba, in kiɗa bai daki ƙirjinsu ba cewa za su yi ba a yi biki ba. (Maganar gaskiya, so nake a ga ƙaton, a ce ɗan Hajara ya zama wani abu a birni.) Sai da muka yi hayar kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku na dakon kaya, saboda shi.

Bayan la'asar muka tayar da janareta, na gwada, sai na ji fili yana cinye sautin. Haka bes yake, a sarari ƙarfinsa watsewa yake, amma ka jingina akwatin da bango sai ya ninku. To gidan Kawu dangar kara ce, babu bangon jingina. Ina waigawa sai ga rumbunsa na ƙasa a gefen ƙofar gida, ƙato, da sabuwar jinka. Na ce alhamdu lillahi, muka tura akwatin har ya manne da shi.

Na taɓa tsirkiya mafi kauri. Kai, daɗi! Rumbun nan ya ɗauki sautin ya riƙa ƙugi, na ɗaga yatsa amma ƙugin bai tsaya ba. Tunda nake kiɗa ban taɓa jin bes ɗina ya cika wuri haka ba. Kaina ya kumbura. Na fizgi makirufo daga hannun Sani na ce, "Jama'a, kun ji ko? Yau har rumbun Kawu amshi yake mana!" Don kada wani ya ce bai ji ba, na sake bugawa, na ɗaga hannu aka yi tsit.

An kuwa ji. Matasa suka yi shewa, amma dattawan da ke kan tabarma babu wanda ya motsa. Wani tsoho cikin dangin ango ya dubi rumbun, ya dubi na kusa da shi, ya sunkuyar da kai. Duk taron nan ni kaɗai, ɗan birni, ban san cewa rumbun da ke cike da damman gero ba ya amsawa ba. Wanda babu komai a ciki shi ke ƙugi, ga shi kaka ba ta daɗe da wucewa ba.

Kawu ya taso a hankali, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan nan, matsar da akwatin, kada ƙasa ta ɓata maka shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Washegari Inna ta zaunar da ni. Ashe ɗan abin da Kawu ya noma ya sayar da shi kaɗan-kaɗan a ɓoye, ya yi wa Hadiza gado da katifa da kwanuka, ya kuma sake wa rumbun jinka don kada maƙwabta su gane. Ta ce, "Abin da ya yi ta rufewa tun kaka, kai ka buɗe shi da lasifika." Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba a jima ba sai ga amalanke daga Shanono da damman gero, wai gaisuwar surukai ce. Kawu ya karɓa, don akwai bakunan ciyarwa a gidan, amma ya daɗe bai fita majalisa ba. Har yau bai taɓa yi mini faɗa a kai ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ƙaton na sayar wa wani mai tallan magani. Yanzu 'yan inci goman nan nake ɗauka, in ajiye su a tsakiyar fili, ko da na baya ba su ji sosai ba. Na koyi cewa a gidan mutane sai ka tambaya kafin ka jingina kayanka da wani abu, in kuma abin ya amsa maka, ba dole ba ne ka ɗauki makirufo ka sanar.